Kawu Ya'u da Rinin da ke Haske

"To shi Daktan ne ya faɗa maka da bakinsa, Kawu?" na tambaye shi.

"Da bakinsa? Masinja ya aiko mini, ɗan nan. Masinja!"

Muna zaune a zauren gidanmu a Kusfa, yana jujjuya hularsa. Kawu Ya'u ƙanin mahaifiyata ne, marini ɗan marina. Wata rana Dakta Aƙilu, mai binciken kimiyya a wata cibiya da ke wajen gari, ya kawo rinin riga, ya ga yadda Kawu ke duban ruwan baba ya san ya nuna. Nan take ya ce irin idon da yake nema ke nan, ya ɗauke shi aiki.

Aikin nasu na mai ne. Su tatsi mai daga gwaiduwar ƙwai, su mayar da shi 'yar fata siririya wadda ido ba ya gani, su ɗiga mata wani rini mai haske idan an haska shi da fitila ta musamman. Sai a rufe ɗaki, a sanyaya da ƙanƙara. Kawu ke zuba ido. Da man ya fara daskarewa, kamar man shanu a lokacin sanyi, hasken sai ya sauya, shi kuma ya ce, "Yanzu!"

"Kullum Dakta cewa yake mu biyu ne, har ƙarshe," in ji Kawu. "Shi ya sa na bar wa Zailani ramin rinin babanmu a gaban dattawa. Ka san abin da aka bayar a gaban dattawa ba ya dawowa."

Zailani ƙaninsa ne, wanda ya riƙa yi masa dariya yana kiransa Daktan ƙwai.

A makon jiya aka kawo wata na'ura daga Ingila, mai auna hasken da kanta. Kawu ne ma ya taya sauke ta. Washegari aka ce ya koma wankin kwalabe.

"Ban ƙi injin ba, wallahi ya fi ni ido. Amma mutumin da ya ci tuwo a zauren nan, ya gan ni a baranda ya sauya hanya?"

Ya duba tafin hannunsa, inda shuɗin baba ya daɗe da gogewa.

"Zailani na neman mai ɗebo masa toka," ya ce.

Ya sa hula, ya nufi marina.