Ranar da Na Je Koya wa Goggo Cin Ganye

Shekara ashirin na yi ina aikin ofis a Isa, kuma ban taɓa wuce mai tsiren bakin tasha ban tsaya mun gaisa ba. Gaisuwar ba ta ƙarewa sai da takarda mai maiƙo a hannuna. Da tumbi ya fito na ce hutu ne. Da jiri ya fara ɗibata a sahun sallah na ce zafin rana ne. Sai da wani likita a Sakkwato ya auna ni, ya dubi abin awon, ya dube ni, ya ce jinina ya hau. In rage gishiri da mai, in koma ganye da wake, nama kuwa sai jefi-jefi.

Mako ɗaya na yi cikin tsoro, daga nan sai na zama malami. Ni da na baro ƙauye ina rantsuwa ba ni ba kwaɗon rama har abada, ni ne na koma ina tare abokan aiki ina yi musu wa'azin zogale. Zancen likita kuwa na ɓoye shi. Na fi son a ɗauka wayewa ce ta kama ni, ba ciwo ba.

Da damina ta yi nisa na tafi Gangara gaida goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Hanya ta caɓe, don haka na bar mota a gida na hau ɗan kabu-kabu. Na isa da taɓo har gwiwa, riga tana yawo a jikina saboda ramar da nake ta taƙama da ita.

Ko ruwa ban gama sha ba ta ja ni bayan rumbu ta ɗaga murfin akurki. Kaza ce ja, kwance, tana hararar mu.

"Ka ga wagga? Ita ɗai ciwon kaji yab bar min," in ji ta. "Ƙwan zabbi sha huɗu na sa mata, wurin wata Bafillata nis samo su. Saura kwana goma su fashe. Bana ni ma za ni zama mai dukiya."

Haka ake yi a wurinmu, zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, sai a ba kaza aikin. Goggo ta riga ta gama lissafin zabin nan a ranta, har da wanda za ta sayar ta gyara rufin ɗakinta.

Muka dawo tabarma, ta tambaye ni abin da za a dafa. Nan na gyara zama.

"Kwaɗon zogale kawai, Goggo. Ni yanzu na bar nama, sai wata-wata."

"Ka bar nama? Tun yaushe?"

"Wata huɗu ke nan."

"Ɗiyanka hwa?"

"Su ma na sa su a hanya."

Ta dubi wuyana, ta dubi taɓon ƙafata. Ta ce ina mota, na ce tana gida. Ta ce aikin fa, ana dai biyanmu? Na yi dariya na ce lafiya lau, na ɗora da bayanin amfanin ganye a jikin ɗan Adam. Matar da ta shekara saba'in tana cin zogale da tafasa da yaɗiya, ita na zaunar ina karanta wa darasi, har da ɗaga yatsa. Ta ci gaba da kallona, ni kuwa na ɗauka ilimi ne ke shigarta.

Na fita sallar Azahar, gaishe-gaishen dattawa suka riƙe ni har La'asar. Da na dawo, tun daga zaure na ji ƙamshi. A gindin danga ga jajayen gashin kaza a tare. Ashe ina fita ta kira maƙwabcinta ya yanka mata.

"Goggo! Mai kwancin? Ƙwan fa?"

"Ƙwai ai ba mutum ba na. Zamna."

Ta ajiye kwanon a gabana, mai yana ninkaya a sama, gishiri har ina jin sa a hanci. Ta rage murya don kada a ji ta ƙetaren danga.

"Ni nir raine ka, na san ka da nama. Ba mai barin shi da ganin dama. In abu ya tsaya ma, ba kunya ba ta, Allah na buɗawa. Amma kak ka sake zowa gidanga kana yi min kwana-kwana da zancen ganye."

Na buɗe baki in ce likita ne, in ce akwai rabin rago a firjin gidana da ba mai taɓawa. Sai na ga in na faɗa, na gaya mata ke nan ta yanka kazarta a banza, saboda surutun wani ƙato. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na tura mata cinya ɗaya.

Ta turo ta baya. "Ci abinka. Kai da kas saba da shi, kai rashin shi ka damu. Mu tun layya rabonmu da shi, kuma ga mu."

Na cinye tas, har na tauna ƙashi, tana zaune tana kallon kowace loma da kwanon kwaɗonta a cinya. Ban ji daɗin tsoka ko ɗaya ba.

Bayan mako biyu na aika mata kaji huɗu da kwanon rufi. Ta karɓi kwanon bisa dole, kajin kuwa ta maido biyu, wai in yanka wa yara, kada in ƙuntata wa kaina don ita. Har yau duk wanda ya tambaye ta labarina, cewa take a sa ni a addu'a, abubuwa sun ɗan tsaya mini. Labarin ya zaga Gangara kaf, in na je har sassauta murya ake yi wurin gaishe ni. Ni kuma sai in ce amin, don har yanzu ban sami bakin gaya mata gaskiya ba.