Waken Madam Tsahara, Fari da Ja

Ranar wata Laraba cikin damina aka wayi gari da yayyafi. Madam Tsahara ta fito daga Tsibiri kamar kullum, ta hau kabu-kabu zuwa Maraɗi, jakarta a kan cinya. Cikin jakar akwai farar rigar aiki da ƙullin wake fari da ja. Aikinta a labo, ɗakin awon jini na wata ƙaramar asibiti, shi ne miƙa sakamako ta taga. Amma ita ba ta miƙa takarda ta juya baya. Fitowa take yi ta zauna kusa da mai ita.

Ranar ce yayata Samira ta je karɓar sakamakon ɗanta Nabil, wanda hannuwansa ke kumbura. An rubuta SS, wato amosanin jini, wanda muke ce wa emasi. Irin ciwon da ya ɗauke Hidaya, 'yarta ta fari. A Jiratawa kuwa surukarta, Hajiya Balki, ta riga ta ce daga dangin uwa ciwon ya zo, sai ɗanta Shamsu ya sallami matar.

Da Samira ta ba ta labari, Madam ta ce, "Tahi ki zo min da mijin. In bai zo ba, ni zan iske shi har garkarsa."

Ya zo, uwarsa na biye da shi.

"Madam, ni lafiyata lau. Dubi damtse."

"Na ga damtse, Malam Shamsu, jini nika son gani. Ko tsoron allura kake?"

Ya miƙa hannu yana kallon rufi. Da sakamako ya fito, AS ne, daidai da na Samira da ita ma aka auna.

Madam ta kwance ƙullinta. Ta sa fari ɗaya da ja ɗaya a wani kofi, ta ce Shamsu ke nan. Ta yi haka a wani kofin, ta ce ga Samira.

"Fari shi ne A, ja shi ne S. Mai fari da ja ba ya ciwo, ɗauke da shi kawai yake. Kowane ɗa yana ɗaukar ƙwaya ɗaya wajen uba, ɗaya wajen uwa. Wanda ya haɗa ja biyu shi ke wahala. To Hajiya, fiddo min ja biyu daga kofin Samira kaɗai."

Hajiya ta leƙa kofin, ta juya shi.

"To shi Shamsu ina ya samo nashi?"

"Ko wajenki, ko wajen marigayi Alhaji."

"Wajen Alhaji ne," in ji Hajiya, ko jinkiri babu.

Har Samira sai da ta dara. Hajiya ta miƙa hannu ta karɓi Nabil ta goya shi da kanta. Madam ba ta ɓoye musu cewa kowane sabon ciki na iya haɗa ja biyu ba. Ta ce a yawaita ba yaron ruwa, a kiyaye shi daga sanyi da sauro, zazzaɓi kuma kada ya kwana a gida.

Madam, ke ce mai zama har sai an gane. Ke ce kika sauke wa yayata laifin da ba nata ba, ba tare da kin ɗora wa kowa ba. Watan nan za ki ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka miki. Wanda zai gaji tagarki, ya gaji waken ma. Mu kuma samari, mu je a auna mu tun kafin a kai goro.

Kafin mu san ki, gidanmu ya rasa Hidaya, 'yar shekara biyu, aka kuma shafe damina guda ana gaba tsakanin gidajenmu biyu. Tun daga waccan Larabar ba mu rasa kowa ba. Nabil ya shiga lakwal, makarantar boko, bana.