Tambayar Da Ba Mu Yi Wa Modu Ba

A shekarun da aka sa mana dokar hana fita, ƙarfe shida na yamma kowa a Gwammaja ya shige gidansa. Masu shago su ja ƙofa, a yi magariba a gurguje, sai lungu ya yi tsit, ba ka jin komai sai motar sojoji da ke wucewa ta bakin titi. Wutar lantarki kuwa ba a ma maganarta. Haka muka koma hannun kakarmu, Kaka Yagana, mu jikokinta biyar, muna zagaye murhunta a tsakar gida tun kafin a kira isha'i. A Kano aka haife ta, amma iyayenta mutanen Borno ne, kuma har ta mutu zanenta bai rabu da ƙamshin turaren wuta ba. Takan soya mana gyaɗa a cikin yashi, tana juyawa tana ba da tatsuniya, don kada kunnenmu ya tafi ga ƙarar harbin da muke jiyowa daga nesa.

Ni ce babba a cikin jikokin, shekarata goma sha huɗu, kuma bakina ba ya rufuwa. Kaka ta sa mini suna Rediyo. Ina faɗin wannan tun yanzu ne domin bakin nan nawa yana da laifi a cikin labarin.

A cikin wannan hali aka kawo mana Modu, ɗan Baffa Bukar, yayan mahaifina, wanda ya koma gabas yana sana'ar kifi. Wani direban motar kifi ne ya kawo shi, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, sanye da rigar wani babba da ta sauko masa har gwiwa. Direban ya gaya wa Baba a zaure cewa an shiga garinsu da asuba, Baffa da matarsa da ƙaramar 'yarsu Fanna duk sun rasu, yaron kaɗai ya tsira. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai. Ranar da aka tashi, Baba ya tara mu ya ce, “Kada na ji wani ya tambayi yaron nan abin da ya gani. Kada a ambaci mamatan a gabansa. A bar shi ya manta.” Wallahi tausayi ne ya sa shi faɗin haka, kuma duk muka ga daidai ne.

Wadda ta fi kowa son jin yadda abin ya faru ita ce Kaka, ita ce kuma ba ta da bakin tambaya. Baffa Bukar ɗanta ne na fari, kuma mace irin Kaka ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Shekara arba'in da wani abu tana ce masa “mutumin gabas”. Ko a zaman makokin ban ga hawayenta ba, carbi kawai take ja, mata suna yaba mata kunya da haƙuri. Ta yaya za ta dubi jikanta ta ce, gaya mini yadda ɗana ya mutu? Ba ta iya ba.

Modu ya yi wata uku bai ce uffan ba, in ban da “to” da “a'a”. Yakan zauna can gefen murhu da bokitin roba a kife tsakanin ƙafafunsa. Kaka ta ce masa, “Angona, matso mana, ko ka sake ni ne ban sani ba?” Ba ya dariya, amma yakan matso kaɗan.

Wata yamma ta ce, “Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya.” Muka ce, “Ta ƙaraso mu ji ta.” Sai ta kawo wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba, mu da muka haddace duk nata.

Wai wani yaro ne gobara ta cinye garinsu. Da zai gudu, sai ya ɗebi garwashi daga murhun uwarsa a cikin kasko, ya rungume shi da hannu biyu ya shiga daji. Ya yi ta tafiya har ya isa wani gari da ruwan sama ya kashe musu wuta gaba ɗaya, kwana bakwai suna cin ɗanyen gari. Da suka ga hayaƙi a hannunsa, sai suka yi caa a kansa, kowa da ɗan kaskonsa, kamar yadda ake aikenmu maƙwabta ɗibar wuta. Gari ya ɗauki ƙamshin tuwo. Aka sa masa riga, aka kira makaɗa, ana yi masa waƙa:

“Mai kasko, sam mana wuta,
Mai kasko, kada ta mutu.”

Mu ne ’yan amshi. A nan ne muka fara jin Modu yana buga bokitinsa a hankali, kuma kiɗan ya zauna daram a kan waƙar, har Kaka ta ɗago ta dube shi.

Ta ci gaba. Wai a ƙarshen garin akwai wata tsohuwa da ba ta zo ɗibar wuta ba. Da yaron ya zo wucewa, ba ta dubi kaskon ba, hannuwansa ta duba, ta ga duk sun ƙone. Ta ce, “Ɗana, wannan kasko da hannu biyu ake ɗaukarsa. Me ka ajiye ka ɗauke shi?”

Sai Kaka ta yi shiru, tana juya gyaɗa. Can ta ce, “Af! Tsufa ya ci ni. Na manta amsar da ya ba ta. Angona, ko kai ka tuna?”

Mu kuwa muka ɗauka wasa ne. Wannan ya ce akuyarsa, wancan ya ce takalminsa. Kaka ta girgiza kai ta ce ba shi ba ne, a je a yi alwala. Ba ta ce ƙurunƙus ba. Bayan kwana biyu ta sake kawo ta, ta sake mantawa a daidai wurin. Haka ta yi ta yi har muka fara ƙorafi, ni ce kan gaba: haba Kaka, tatsuniya ba ƙarshe?

Ranar da ba zan manta ba, ta zo wurin tambayar ta yi shiru kamar kullum. Modu ya daina kiɗa. Na ga ya buɗe baki, na ji ya ce, “Ya ajiye…” Ni kuma, don kada wani ya riga ni, na yi caraf na ce, “Ƙwaryar tuwonsa ya ajiye, shi ya sa ya rame kamar Modu!” Yara suka fashe da dariya. Modu ya rufe bakinsa, ya tashi ya shige ɗaki. Kaka ta ɗauki mafici ta zabga mini a baya, ita da ba ta taɓa dukana ba. Ta ce, “Rediyo, Allah ya shirye ki.” Na yi ta kuka ina cewa me na yi? Daga ranar, duk sanda ta fara wannan tatsuniya sai Modu ya tashi. Ta gwada sau uku ta haƙura. Bayan shekara biyu ta rasu.

Magana ta dawo wa Modu, amma ta wata hanya. Ba ya hira da kowa, sai dai ka same shi a soro yana buga bokiti yana zuba kalmomi da sauri, Hausa da Barbarci a cakuɗe, kowane layi yana faɗawa a kan ɗan'uwansa. Abokansa na makaranta suka fara ɗaukarsa a waya. Baba ya yi faɗa har ya gaji, ya ce gidan malamai ne wannan, ba a taɓa maroƙi a zuri'armu ba. Modu bai musa ba, bai kuma daina ba. Kafin ya cika ashirin da biyu ya zama mawaƙin gambarar zamani, wadda yara ke kira rap, kuma babu wayar da ba ta da muryarsa daga nan har ƙetare. Ba zan faɗi sunan da duniya ta san shi da shi ba. Ni da kaina na yi alfahari da shi a gidan biki, ina nuna allo ina cewa ƙanena ne. Waƙoƙinsa cike suke da gudu da ruwa da hayaƙi, muna ta rawa a kansu.

Ba mu san ba ya barci ba. Ba mu san in yara sun fasa abin wasan wuta a bayan otal yakan shige banɗaki ya kulle ba. Sai bara, yana tsakiyar waƙa a gaban dubban mutane, ya tsaya cak. Ya yi ta bin fuskokin jama'a da kallo, ya ajiye makirufo a ƙasa, ya zauna ya rufe kansa da hannuwa. Kafin gari ya waye hoton ya zagaye duniya. Wasu suka ce ƙwaya ce, wasu suka ce sammu ne na abokan sana'a, ’yan uwa suka ce iska ce. Aka kawo shi gida, aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya, yana kwance yana kallon rufi, ba ci ba magana. Da ya fara cewa gara ya huta gaba ɗaya, tsoro ya kama ni, na matsa aka kai shi asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa.

Likitar mace ce, ba ta girme ni ba. Ta ce, “Hajiya, me ya same shi yana yaro?” Na ce iyayensa sun rasu a rikicin gabas. Ta ce, “Yana wurin? Me ya gani?” Ni Rediyo, na ce mata ban sani ba. Shekara goma sha uku muna ci a kwano ɗaya ban sani ba. Kunya ta rufe ni.

A hanyar gida ne tatsuniyar Kaka ta faɗo mini, na kuma gane ba ta taɓa manta komai ba. Ita ta ƙirƙire ta, ta bar gurbi a tsakiya daidai bakin yaro ɗaya, domin al'ada ta hana ta tambaya kai tsaye, dokar Baba kuma ta hana mu. Mu mun iya ba maraya abinci da sutura, mun iya ce masa ya yi haƙuri sau ɗari a rana. Abin da muka kira rufa masa asiri, barinsa muka yi shi kaɗai da abin da ya gani. Kuma sau ɗaya da ya yunƙura zai faɗa, ni na toshe shi saboda a yi mini dariya.

Washegari da hantsi na koma. Yana zaune a bakin gado, ya rame. Na ce, “Modu, ranar da aka shiga garinku, me ya faru? Ba labarin direba nake so ba, naka nake so.” Sai na kama bakina. Wallahi ban taɓa yin aiki mai wuya irin shirun nan ba. Har aka kira azahar bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Can ya ce, “Babanmu ne ya ɗaga mu ta katangar baya. Ya sa hannun Fanna a nawa ya ce kada na sake ta.” Ya ce sun bi jama'a da gudu har bakin kogi. Kwalekwale ɗaya ne, mutane suna turereniya, ruwa ya kai masa wuya. Sai da hannu biyu zai iya kama gefen jirgin.

“Ba ƙwace mini ita aka yi ba, Yaya. Ni na buɗe hannuna.”

Na ce, “Shekararka goma sha ɗaya, Modu. Yaro ne kai.”

Ya ce, “Ban ga ta nutse ba. Na waiwaya na ga wata mata ta ɗaga wata yarinya, ban sani ba ko ita ce. Na iso gidanku, ina kallo kuna yi mata sadaka, liman yana kiran sunanta cikin mamata. Na so in ce ban ga gawarta ba, kowa yana ce mini yi shiru, yi haƙuri.” Ya share fuska da gefen riga. “Kin ɗauka suna nake nema? So nake fuskata ta shiga kowace waya, ko za ta gan ni ta ce ga yayana. Duk inda na hau dandamali ita nake dubawa. Ranar nan ina cikin dubawa sai na tuna yarinya ’yar shekara biyar nake nema, ita kuwa yanzu ta kai sha takwas. Ko tana tsaye a gabana ba zan gane ta ba.”

Na riƙe shi muka yi kukan da ya kamata mu yi tun yana yaro. Na ce ya yafe mini maganar ƙwaryar tuwo. Ya ce yana tuna ta, kuma ya yafe.

Da yamma na je na durƙusa gaban Baba na gaya masa duka. Tsoho ne yanzu, idonsa ya yi rauni. Da na gama sai ya ce, “Innalillahi. Ni na rufe masa baki.” Ya sa aka kai shi asibitin, ya zauna kusa da Modu ya ce ya faɗa masa daga farko, ya kuma saurara har ƙarshe.

Modu yana shan magani, yana ganin likitarsa duk mako biyu, bai koma waƙa ba tukuna. Wata rana da sauƙi, wata rana babu. Mun kai sunan Fanna wurin masu neman waɗanda suka ɓace a yaƙin, har yau ba mu ji komai ba. Amma in Baba yana yi wa mamatanmu addu'a bayan sallar asuba, yakan kira Kaka, ya kira Baffa Bukar da matarsa, ya tsaya a nan. Sai ya shafa, ya sake ɗaga hannu daban, ya roƙa wa Fanna lafiya a duk inda take.