Kwanon da Aka Kawo wa Shugaba

Zinatu, mai buga takardu a wani ofishin lafiya a Anka, ta saba da masu kawo koke a rubuce. Wannan tsohuwa kuwa kwano ta kawo, an rufe shi da faifai, an ɗaure da ƙyalle mai tsabta kamar abincin suna.

Gajeriya ce, goro ya rina mata haƙora. Silifas ɗinta kowace ƙafa da launinta, amma zaman da take yi a benci na masu gari ne. Zinatu ba ta san sunanta ba. Tana dai zaton ungozoma ce, don duk goyon da ya gifta sai ta buɗe masa ido ta duba, uwar kuma ba ta musu. Mata shida ne suka rako ta daga Tungar Daji, ba mai motsi sai ta motsa.

Shugaban ofis ya fito, ya hangi kwanon, fuskarsa ta washe.

"Inna, har da ɗawainiya?"

"Abin da jikokina ka ci kullum na, ɗana. Bisimilla."

Ya ɗaga faifan. Jar ƙasa ce, daga tsakar gidan da aka daɗe ana niƙa dutsen zinariya.

"Likita ya ce gubar dalma na ciki. Ku taho ku kwashe muna ita, ko in riƙa kawo maka kowace safiya."

Zinatu ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Shugaba kuwa har ya fara laluben makullin mota.

Tsohuwar ta miƙa hannu.

"Juye ka ba ni kwanona. Gobe Gusau za ni."