Ƙaho a Kafaɗar Rabi

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana Rabi daga ƙauyen Maijirgi a amalanken jaki ba. Kakar gujiya ce, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ina ungozoma a likitar Tasawa, asibitin garin ke nan, ƙarƙashin majo Isufu, wato babban malamin jinya.

Uwar mijinta ce ta rako ta, tsohuwa mai baki. Ta ce, "Kafaɗa ce kawai, ɗaukar buhu ya jawo. Har wanzami ya yi mata ƙaho." Ga kuwa shaidar tsaga ɗanya. Amma Rabi ta yi fari fat, zufa mai sanyi, bugun jininta na gudu. Da majo ya taɓa mararta sai ta zabura.

Ya tambaya ko tana da ciki. Ta sunkuyar da kai, ta ce a'a. Wace mace za ta ambaci cikin fari gaban uwar miji? Majo ya dube ni, sannan ya ce wa tsohuwar, "Inna, taimaka ki kira mana mijin." Tana fita na matso. Rabi ta raɗa mini, "Yaya, wata biyu ke nan ban ga al'ada ba."

Ku yaran yanzu kuna da na'urar hoto, mu allura muke da ita. Majo ya soka ta ta ƙasa, bayan mahaifa, ya zuƙo jini baƙi wanda ba ya daskarewa. Cikin ya zauna ne a bututun da ke kai ƙwai mahaifa, ya fasa shi. Jinin da ya taru a ciki shi ke harba ciwo har kafaɗa.

Ba ma tiyata a Tasawa. Muka ɗaura mata ƙarin ruwa, majo da kansa ya tare kamiyo, babbar motar gujiya mai zuwa Maraɗi. Na zauna bisa buhuna riƙe da kwalba, ina kiran sunanta duk lokacin da ta lumshe ido. Da likitan tiyata ya fito ya ce ta tsira, sai na zauna a ƙasa ina hamdala.

Bayan shekaru ta dawo awo da goyo, tsohuwar na biye tana cewa ai ƙahon ne ya fara sauƙin. Ban yi musu ba. Tun ranar da aka kawo ta dai, ban ƙara tambayar mace al'adarta ba sai na aiki uwar mijinta waje tukuna.