Ranar da Shugaban Kwaleji Ya Zauna a Bencinmu

Ina aji uku na firamare a Bodinga aka turo yayata makarantarmu gwajin koyarwa. Tana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, wannan gwajin kaɗai ya rage mata. In mai dubawa ya zo ya ga ba ta iya riƙe aji ba, sai ta maimaita shekara, ƙawayenta su fita su bar ta.

Shugaban kwalejin ba baƙo ba ne a gidanmu. Mutumin Lambara ne, garin su Inna, kuma shi ya koya wa Baba baƙi da wasali a wata makarantar ƙauye a ƙasar Shagari, tun yana saurayi mai keke. Daga nan ya zama hedimasta, ya koma karatu, ya koyar a kwaleji shekara da shekaru har aka ba shi shugabancinta. In ya zo suna ko ta'aziyya unguwarmu, Baba da furfurarsa tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Mu kuwa ta bayan zana muke leƙensa. Ana cewa duk lokacin gwaji yakan rufe ofis, ya ɗauki makaranta ɗaya ko biyu ya je dubawa da kansa. A wannan shekarar tamu ya ɗauka.

Darasin Yaya sassan tsiro ne. Ta sa an kawo mata albasa da ganyenta da saiwarta daga fadamar Danchadi, ta yi ta zana ta da gawayi a bangon madafa, har Inna ta ce in ta ci jarrabawa ta zo ta yi mata yaɓe.

Da shugaban kwalejin ya iso, hedimasta ya kinkimo masa kujera mai hannu ya ajiye gaban aji. Ya yi godiya, ya wuce ta, ya taho har bencin ƙarshe inda nake zama ni kaɗai jikin bango don kada a tambaye ni. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna, gwiwoyinsa suka tokare tebur. Ban iya ɗaga kai ba. Abin da na gani hannunsa ne: fatar babban yatsansa ta yi kaushi ta tsattsage, irin ta masu riƙe alli.

Yaya ta durƙusa ta gaishe shi, gaisuwa mai tsawo irin ta gida. Ta miƙe, amma ba ta miƙe duka ba. Ta fara darasi a rusune, murya ƙasa-ƙasa. Da lokacin rubutu ya yi, ta ɗauki alli ta juya rabi, ta dawo. Ta sake juyawa, ta sake dawowa. Ni na gane abin da ke damunta, don tarbiyyarmu ɗaya: ba za ta iya ba wa malamin Baba baya ba, ga shi zaune ƙasa da ita. Sai ta riƙa nuna sassan albasar a hannu, allo yana fayau. Yaran gaba suka fara zungurar juna. Zufa ta jiƙa gefen hijabinta.

Sai na ji bencin ya motsa. Ya ɗaga hannu, yatsa ɗaya sama, kamar yadda muke yi.

"Malama," ya ce, "mu na baya ba mu san yadda aka rubuta saiwa ba."

"Allah shi gafarta Malam," in ji Yaya, idonta a ƙasa, "ba ni iya ba ka baya."

"To wa za ya ba ni karatu? Cikin ɗakin ga ke ab babba. Ni da ƙanwarki 'yan aji ukku muke, kuma ta hi ni wurin zama."

Aji ya yi dariya, Yaya ba ta motsa ba. Ya dube ni ya ce a hankali, "Ɗiyata, ara mini hensir." Na tura masa guntun fensirina da na tattaune ƙarshensa. Ya jawo littafina tsakaninmu, ya sunkuyar da kai har hularsa ta kusa taɓa tebur.

"Kin ga, ba ni kallonki. Rubuta, mu kwahe."

Na ji ƙarar alli a kan allo. Da farko tana rawa, daga baya ta daidaita. Albasa ta fito ɓul-ɓul da gashin saiwarta, ta fi ta bangon madafa kyau. Muryar Yaya ta dawo irin wadda take kiran mu da ita cin tuwo, har ta tsawata wa wani yaro da ke wasa da murfin kwalba. Shi kuwa yana ta kwafa, harafi-harafi, yana turo mini littafin in rubuta layina. Bai ɗago ba sai da aka kaɗa ƙararrawa.

A bakin ƙofa Yaya ta zube ƙasa tana ba shi haƙuri.

"Nan waje ki durƙusa yadda kika so, uwarki ta iya reno," ya ce. "Amma abin da ya wakana kahin ki taɓa allo, ban gani ba, ban iso ba tukuna. Tashi, yaranki na kallo."

Da sakamako ya fito, ta ci. Yanzu tana koyarwa a Mandera, shi kuma ya yi ritaya ya koma Lambara. In mun je gaishe shi tana durƙusawa tun daga zaure, shi kuma ba ya kiranta da komai sai Malama.