Jarkar da Kubura Ta Wanke

Duk wanda ya taɓa zama a Jiga Birni ya san Kubura mai man gyaɗa, in bai san fuskarta ba to ya san ƙamshin gidanta. A Kimba aka haife ta, gidan masu ƙuli-ƙuli, tun tana 'yar shekara tara take tsaye kusa da uwarta tana juya gyaɗa a kasko. Da aka kawo ta gidan Isiyaku, manomin albasa, da sana'arta ta zo, kuma shekara talatin da ɗaya ba ta ajiye ta ba sai in jego ya kwantar da ita. Shida ta haifa, biyar suka rayu.

Bayan mai, abin da aka fi saninta da shi tsabta ne. Randarta kullum a rufe, moɗa tana rataye a ƙusa, ba mai tsoma kofi a ciki. Ita ce mai tsare matan unguwa da faɗa in ta ga abinci a buɗe ko yaro ya zauna cin tuwo bai wanke hannu ba. Wasu na jin haushi, amma in ciwo ya shigo gida ita ake fara aikawa a kira.

Shekara biyu da suka wuce, bayan an cire albasa, 'yarta Zahra'u ta haifi ɗan fari a gida. Kubura ta ɗaura ɗamarar suna. Kwana uku tana matsar mai, har kwalabenta da robobinta suka cika, ga sauran mai a ƙwarya ba wurin zubawa. Sai idonta ya kai kan wata farar jarka mai lita biyar a ƙarƙashin rumfa, mai kauri, murfinta lafiya lau. Ta maganin feshi ce da Isiyaku ke kashe ƙwarin albasa da shi.

Ta ce, "Malam, jarkar ga ta ƙare?"

Ya ce, "Awo, tun sati biyu. Ɗauki abinki."

Ta wanke ta da toka da ruwan zafi, ta sake da garin sabulu, ta matse lemun tsami a ciki ta girgiza. Sau bakwai ta wanke ta, ta kife ta a rana kwana biyu, ta shinshina ba ta ji komai ba. Sannan ta ɗura mai.

Ranar suna da hantsi aka soya masa da man kwalabe, maza suka ci suka watse lafiya. Da azahar aka sauke dambu na mata, Kubura da hannunta ta kwance murfin farar jarka ta bi kwanuka tana kwarara mai. Ita ba ta ci ba, hidima ta hana ta zama. Mai jego ma kunun kanwa da nama aka ba ta.

Ba a yi la'asar ba Gwaggo A'isha, yayar Isiyaku da ta zo daga Maiyama, ta ce idonta na yin duhu. Kafin a kawo mata ruwa gumi ya jiƙe mata riga, yawu na zuba daga bakinta ba ta iya tsayar da shi. Sai wata maƙwabciya ta dafe ciki ta durƙusa tana amai. Sai wata, sai wata. Kubura na tsaye da ludayi a hannu tana kallon tsakar gidanta, inda ɗazu ake guɗa, mata goma sha ɗaya sun zube kan tabarmi.

Gida ya rikice. Wasu na ihun amai da gudawa ya shigo gari, wasu na cewa rijiya ce. Wata ta ruga ta kawo nono, wata manja, ana ta ɗura wa waɗanda suka faɗi. Isiyaku ne ya tare motar da ke ɗaukar albasa, aka shimfiɗa buhuna a bayanta aka kwashe su zuwa asibiti a Aliero. Kubura ta zauna riƙe da kan Gwaggo A'isha a cinyarta, tana jin ƙirjin tsohuwar na kurari, ita kuwa Kubura ba abin da ke fita bakinta sai salati.

Ma'aikacin lafiyar da ya karɓe su, Muhsin, ya buɗe idon Gwaggo A'isha ya haska. Ƙwayar idon ta tsuke kamar bakin allura. Ya duba ta biyu, ya duba ta uku, duk haka.

Ya ce, "Wannan ba kwalara ba ce. Guba ce, irin ta maganin feshi. Mi sunka ci?"

Kubura ta ce, "Dambu. Ni na girka shi da hannuna, ɗana. Ba abin da ya taɓa shi."

Bai tsaya jayayya ba, suka shiga yi musu allurai da ƙarin ruwa. Sai da numfashinsu ya fara daidaita ya dawo wurinta ya bi girkin daki-daki, daga gero har zogale. Da aka zo kan mai ya tambayi mazubinsa, ta faɗa masa, ta ƙara da cewa sau bakwai ta wanke.

Ya ce, "Inna, a ɗauko muna ita."

Isiyaku ya hau babur ya ɗauko. Muhsin ya sa safar hannu, ya juye sauran man a wani bokiti, ya sa wuƙa ya tsaga jarkar daga wuya zuwa gindi. Cikinta fes, har sheƙi take. Sai ya tsaga mariƙin, wannan lanƙwasar da ake kamawa a ɗauka. A cikin kogonsa ga wani abu nan rawaya, daskararre kamar ƙaro, gefensa ya narke inda mai ya taɓa shi. Wari ya taso, warin da Kubura ta sani sarai a rigunan mijinta.

Kubura ta zauna a ƙasa. Ta dubi hannuwanta ta juya su, ta sake dubawa.

Ta ce, "Ni? Ni na ba su?"

Muhsin ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Ba ki sani ba, Inna. Ruwa ba ya kai wa nan, kuma ko ya kai, robar kanta tana shan maganin. Mai kuwa jawo shi yake. Ko sau ɗari anka wanke, jarkar feshi ba ta komawa ta abinci." Ya kuma ce nonon da manjan da aka ɗura musu ba magani ba ne, suna iya sa mutum ya shaƙe. Abin yi shi ne a garzayo asibiti, a riƙo mazubin maganin.

Sannan ya juya ga Isiyaku ya tambaye shi yadda yake feshi. Isiyaku ya ce yadda kowa ke yi, da rigarsa ta gona, in bakin injin ya toshe ya sa baki ya hura. Ya ce ciwon kai da jirin da ke kama shi duk ranar feshi ya ɗauka rana ce. Muhsin ya ce masa ba rana ba ce, maganin ne ke shiga jikinsa.

Mata goma sun koma gida cikin kwana uku. Gwaggo A'isha sai da ta yi tara, ta fito da ranta amma har yau hannunta na rawa in ta ɗauki kofi. Ranar da aka sallame ta Kubura ta durƙusa gabanta tana kuka, tsohuwar ta ce, "Tashi, Kubura. Ni ma da irinta nike ɗibar ruwa a Maiyama."

Wannan maganar ce ta hana Kubura sukuni. Washegari ta yafa mayafi ta shiga gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya tana cewa a nuna mata mazubai. Abin da ta gani ya fi ranar suna girgiza ta. A wani gida an yanke robar feshi an mai da ita moɗa. A wani ita ce butar alwala. Wata mai shayarwa a ciki take ajiye kunun jaririnta don murfin ba ya zuba. Kafin azahar ta tara arba'in da uku a buhu, daga unguwa ɗaya. Ta sa Isiyaku ya huda kowace da ƙusa mai zafi, aka haƙa rami nesa da rijiya aka binne.

Wata huɗu ba ta matsa mai ba, ta ce hannunta ba ya yarda. Maƙwabciyar da ta fara faɗuwa ranar suna ita ta kawo mata gyaɗa kwano biyu ta ce a yi mata, sannan Kubura ta koma kan kasko. Yanzu kwalba kaɗai take zuba wa mai, kuma duk wanda ya zo da mazubinsa sai ta juya shi ta duba. Isiyaku ya ware tufafin feshi, yana rufe hanci da baki, kuma ba ya shiga gida sai ya yi wanka a gona.

In ta je kasuwar Jega sayen gyaɗa, takan bi layin masu nono da masu kunu da ƙusa a ƙulle a gefen zani, tana jan kunnensu kan robar feshi. Wasu na saurare su miƙa mata roba ta huda, wasu su juya mata baya. Akwai wata mai nono daga wata ruga kusa da Maiyama da ta ƙi ta har sau uku, tana cewa jarkarta ta fi shekara ba wanda ya mutu. A karo na huɗu matar ta zo da ƙwarya, ta kuma jawo ƙanwarta ta ce wa Kubura, "Faɗa mata abin da kika faɗa mini, ni ba ta jin maganata."